Kukis da Kanwa

Miya uwar haƙuri ce. Tumatir ya yi tsada da damina, a jiƙa busasshe. Shi ma ya gagara, a kaɗa kuka ko kuɓewa, ba mai kai ƙara wurin mai unguwa. Babu nama, a jefa ƙashi. Babu ƙashi, a ƙara daddawa a yi bisimilla. Man gyaɗa ya ƙare, manja na nan. Tsamiya ta ƙare, a matsa lemon tsami a kunu. Matan gidanmu ba su taɓa fasa ɗora tukunya don abu guda ya yanke ba, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa saboda haka ba. A wannan makarantar na yi karatun girki, na ƙaro ilimi a zaman gwauranci na ɗakin haya, na fito da darasi guda da na riƙe hannu bibbiyu: rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Da wannan shahadar na tunkari kukis.

Maiɗakina ce ta yi haihuwar fari, aka tafi da ita wankan gida. Gidan ya rage daga ni sai ƙanwata, wadda aka turo ta riƙa dafa mini abinci tunda tana hutu. Ɗaliba ce a sashen kimiyyar abinci, irin yaran nan da ake biya wa kuɗin makaranta don su dawo su gaya maka ko ruwan zafi ba ka iya dafawa ba. Ran nan muna waya da mai jego, sai ta ce cikin shagwaɓa, "Malam, ni fa kukis nake marmari, irin mai ɗigo-ɗigon cakulan ɗin nan." Na ce, "An gama." Na je kanti na ɗauko kwalin, na juya shi na ga farashi, na mayar da shi mazauninsa cikin ladabi, har na ɗan gyara masa zama. Wata ya yi nisa, ragon suna kuma ya riga ya tafi da abin da ke aljihu. Amma wane ango ne zai ce wa mai jegon fari babu? A hanyar dawowa na yanke hukunci: fulawa ce da sukari da mai, da hannuna zan yi.

Na nemo bidiyon wata Ba'amurkiya mai yawan murmushi, ta jero kayan: kofi 2 da kwata na fulawa, kofi 1 na bota, farin sukari da ja kowanne uku bisa huɗu na kofi, ƙwai 2, ƙaramin cokali 1 na bekin soda, 1 na gishiri, 1 na filebo, sai kofi 2 na 'ya'yan cakulan. A gasa a obin mai zafin digiri 190, minti 9 zuwa 11. Na shiga sito na yi ƙidaya. Cikin duk abin da matar nan ta lissafa, gishiri kaɗai na tarar cikakke a gidana.

"Yaya, ka bari a yi albashi mana," in ji ƙanwata.

Ta manta malamin tarihi take wa magana. Na zaunar da ita na ba ta labarin Ruth Wakefield, mai wani masauki da gidan abinci da ake kira Toll House a garin Whitman na jihar Massachusetts. A shekarun 1930, in ji masu ba da labari, tana cikin kwaɓa kukis sai ta tarar cakulan ɗin da ta saba narkawa ya ƙare. Ta ɗauki wani na kamfanin Nestlé ta daddatsa ta zuba, da zaton zai narke ya bi jikin kwaɓin. Ya ƙi narkewa, ya tsaya ɗigo-ɗigo, ga shi yau duniya na ci. Na ce, "Kin gani? Shi kansa abin da za mu yi ɗan musanya ne. Da matar nan ta zauna jiran albashi, da ba a san shi ba." Yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta ɗauko roba.

Da bota muka fara. Babu ita, amma ga kwalbar man shanu da Inna ta aiko daga ƙauye. Mece ce bota in ba man shanun Bature ba? Hasali ma wadda muke saya a shagunan unguwa muna shafa wa burodi, majarin ce, ita ma 'yar musanya. A 1869 wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, ya haɗa ta daga kitsen shanu, bayan Napoleon na Uku ya sa lada ga duk wanda zai samo wa sojoji da talakawa madadin bota mai araha. In sarkin Faransa bai ji kunyar madadi ba, ni a su wa?

Ƙanwata ta ce maganar ba ta sarauta ba ce. Bota, in ji ta, kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, yawancin saura ruwa ne, kuma a daskare take. In aka buga ta da sukari, ƙwayoyin sukarin kan huhhuda ta su bar ƙananan guraben iska, su ne ke sa kukis ya yi sakayau a baki. Daskarewar kuma ita ke riƙe kwaɓin kada ya baje kafin ya gasu. Man shanun Inna kuwa an soya shi, ruwansa ya ƙone, kuma a zafin garin nan narkakke ne, ba iskar da zai riƙe. "Sannan, Yaya, da albasa aka soya shi." Na shinshina. Da albasa kam, irin wadda aka bari ta yi ja don ranar tuwo. Na ce ƙanshi ai ƙanshi ne, kanumfari zai danne. Na tuttula.

Jan sukari babu, amma akwai mazarƙwailar da na sayo a hanyar Maƙarfi. Nan kam har ita ta gyaɗa kai. Ta ce jan sukarin Bature sukari ne da ragowar maɗin rake a jikinsa, shi ke ba shi danshi da ɗan tsami. Mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne da aka dafa har ya daskare, ba a cire masa komai ba, don haka za ta yi aikin sarai. A dai kankare ta ta yi laushi. Na ga kankara aikin marasa uzuri ne, na jefa a turmi. Ta manne wa taɓarya. Na ɓamɓaro ta na zuba a tukunya, na kwara ruwa na narkar.

"Yaya, ruwan nan fa ba ya cikin lissafi."

Na ce ruwa abokin aiki ne, ba a taɓa jin ya ɓata abu ba.

Fulawa ta tsaya a kofi ɗaya da ɗan wani abu, sai na cike da garin tuwon masara. Hujjata daga sama take. Gwamnati da kanta, zamanin Obasanjo, ta umarci masu niƙa fulawa su riƙa haɗawa da kashi 10 cikin 100 na garin rogo, daga baya kuma Jonathan ya ci burodin rogo a gaban 'yan jarida. Abin da hukuma ta halatta wa ƙasa baki ɗaya, ba a hana magidanci a gidansa.

"Kashi 10 suka ce, Yaya. Kai ka doshi 50."

Ta ci gaba da cewa alkama na da danƙo na musamman, wanda da ya ji ruwa sai ya sarƙe ya riƙe kwaɓi. Masara ba ta da shi ko kaɗan. Shi ya sa garinta ba ya haɗe kansa sai an tuƙa shi a wuta, kuma shi ya sa mai ɗanwake ba ta rabuwa da kuka. Na ce na ji ƙorafinta, za a kafa kwamiti.

Ƙwai kuwa da safe na soye su da shayi, kafin in san za su zama abin tarihi. Ina cikin laluben sito sai ga gwangwanin kwastad. Kwastad rawaya, kwaiduwa rawaya. Magana ta ƙare. A nan ne yarinyar ta yi dariya har da riƙe bango.

"Haba Yaya, kai da kake malamin tarihi!"

Wai a 1837 wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, ya ƙirƙiro garin kwastad saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Sitacin masara ne da launi da ƙanshi. Duk dalilin zuwansa duniya shi ne babu ƙwai a cikinsa. Wato masara zan zuba a kan masara. Ƙwai kuwa shi ke ɗaure kwaɓi in ya ji wuta, kwaiduwarsa ke sasanta mai da ruwa su zauna wuri guda. Na saurara da kyau, na ce to ai ta kawo mini shaida da bakinta: mutum ya yi musanya don matarsa, ya yi suna, ya yi arziki. Na zuba cokali mai tozo.

Saura bekin soda, kuma a nan ne na yi abin da har gobe nake alfahari da shi. Na ɗauko kanwa ungurnu, na ajiye ta a kan faifai, na kafa hujja biyu. Ta farko, a 1796 Amelia Simmons ta wallafa American Cookery, littafin girki na farko da wani ɗan Amurka ya rubuta, kuma da gishirin da ake tacewa daga tokar itace ake tayar da kukis ɗin da ke ciki, wato ɗan'uwan ruwan tokar kakanninmu. Ta biyu, yawancin bekin sodan Amurka daga wani ma'adini ake yin sa mai suna trona, wanda suke haƙa a jihar Wyoming, kuma shi ne dai ke cikin kanwar da ake kawo mana daga yankin Tafkin Chadi. Na ce, "Yarinya, bekin soda kanwa ce da ta yi boko."

Ta ce duk gaskiya ne, sai dai bokon shi ne abin nema. A kanwa akwai sodan, amma tana tare da wani yayanta da ya fi ta kaifi, ga gishiri, ga ƙasa, kuma ba wanda zai gaya maka nawa ne kowanne a dunƙule guda. Ban da haka, soda ba ta tayar da kwaɓi yadda ake so sai ta gamu da tsami. Shi ya sa mai waina ke zuba ruwan kanwa a ƙullun da ya kwana ya yi tsami, nan take ka ga yana kumfa. Shi ya sa kuma Bird ɗin dai ya fito da bekin hoda a 1843, wadda ke zuwa da tsaminta a jiki. Ɗan tsamin da ke cikin mazarƙwailata, in ji ta, ƙaramin cokali kawai zai iya kashewa. Abin da ya ragu zai zauna cikin kwaɓin yana neman abin yi.

Na jiƙa dunƙulen, na tace, na zuba ludayi guda. Na tsaya ina kallon kwaɓin, ban ga ya nuna alamar ya ji ba. Na ƙara.

Cakulan ya zama yankakken dabino, filebo ya zama kanumfari da citta. Ƙanwata ba ta ƙara cewa uffan ba, ta koma gefe tana latsa waya.

Ba'amurkiyar ta ce in kwaɓi ya yi ruwa a sa shi a firji ya daskare. Nawa ya yi ruwa har ana iya ɗiba da ludayi, amma an ɗauke wuta, firjin ya zama ma'ajiyar kwanuka, obin ɗin kayan ɗakin amarya kuma bai taɓa fita daga kwalinsa ba. Sai na koma dabarar matan unguwa da ke gasa kek ɗin Sallah: yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora tire, a rufe, garwashi ƙasa garwashi sama. Dabara ce mai kyau a hannun wadda ta san wuta, wadda ke kara tafin hannu a murfi ta ce a rage. Gawayi ba ya da lamba 190 a jikinsa. Na ɗauki mafici na yi ta fifita, don a ganina zafi in ya yi yawa aiki zai yi sauri.

Ƙanshin albasa ne ya fara fita, kanumfari ya biyo baya, sai wani na uku da ban san danginsa ba. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, lafiya? Ko hayaƙin sauro ake yi?" Na ɗaga murfi. Ɗigo-ɗigon da na jera da tazara sun haɗa kai sun zama al'umma ɗaya, shimfiɗe daga wannan gefen tire zuwa wancan kamar daɓen siminti. Kanwa na gaggauta ja a wuta, don haka gefen ya yi baƙi ƙirin, tsakiyar ta yi wani launi tsakanin ƙasa da kore, mai na yawo a sama ba mai riƙe shi. Dabinon ya ƙone, har maƙwabcin ya rantse daddawa ce. Gefen ya gagari wuƙa. Tsakiyar kuwa da an taɓa sai ta wargaje ta koma tsaki.

Na gutsura. Zaƙi ne ya fara yi mini maraba, albasa ta yi sallama, kanumfari ya wuce da gudu. Daga nan wani santsi mai ɗaci ya lulluɓe mini harshe, wanda rabona da shi tun zamanin da Inna ke yi mini wanka ina ihu, kumfa na shiga bakina.

"Yaya, ka san yadda ake sabulun salo?" in ji ƙanwata cikin natsuwa. "Ruwan toka da mai, a ɗora a wuta. Kanwarka ba ta sami tsami ba, sai ta sami man shanu. Ba ɓarna ka yi ba, sana'a ka sauya."

Sannan ta amayar da maganar da na katse mata tun farko. Ruth Wakefield ba mai lalube a sito ba ce. Ta yi karatun kimiyyar kula da gida, ta koyar, ta yi aikin tsara abinci, kuma ita da bakinta ta ce da gangan ta haɗa kukis ɗin, tana neman sabon abu da za ta ba baƙinta. Zancen ƙarewar cakulan ƙarin gishirin masu labari ne. "Kuma ko a labarin naka, Yaya, abu ɗaya ta sauya. Musanya ba laifi ba ce. Amma kowane abu a kwaɓin nan aiki aka ɗauke shi. Kafin ka sallame shi, sai ka tambayi wane aiki yake yi, ka ga ko wanda ka kawo ya iya. Kai ka kori ma'aikatan duka rana ɗaya, ka bar gishiri shi kaɗai a ofis." Na ce tarihi ruwayoyi ne, kowa da wadda ya zaɓa.

Alkawari kaya ne. Na farfasa abin da taɓarya, na tsinci gutsattsarin da suka fi kama da abinci, na jera a samira na rufe, na nufi gidan surukai. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaida Hajiya, aka miƙo mini jariri. Mai jego ta buɗe samirar, ta shinshina, ba ta nuna ko ɗan mamaki ba. A nan na gane wa ƙanwata ke latsa wa waya.

"Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya saka da alheri. Sai dai kash, na ji kamar da kanwa a ciki, a asibiti kuwa an hana mu."

Ba yadda zan yi da ita, don maganar na da tushe: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Sai dai tun da na aure ta ban taɓa ganin ta bi umarnin likita da irin wannan hanzarin ba.

"Miƙo nan in gani," in ji Hajiya. "Ba a wulaƙanta abin da bawan Allah ya wahala a kai."

Ta gutsura, ta tauna, ta yi shiru. Na sunkuyar da kai ina tuno ko na taɓa jin an raba aure a kan makamancin haka. Ta ƙara gutsura. Ta kurɓi ruwa. Can sai ta yi wata doguwar gyatsa, ta ce alhamdulillahi.

"Malam, wa ya ba ka wannan haɗin? Tun Sallah ƙwarnafi ke damuna, yau na ji ya faɗa."

Na ce, "Hajiya, bincike ne." Soda dai an san tana kashe tsamin ciki, ɗacin kuwa Hajiya ta ce magani ai ba ya daɗi. Kafin in yi sallama ta ɗebar wa abokiyar zamanta, ta ƙulle saura a leda don ƙawayenta na Islamiyya.

Da aka yi albashi, ƙanwata ta sayo bota da ƙwai da fulawa da bekin soda, ta auna komai. Mazarƙwaila ta sa a maimakon jan sukari, dabino a maimakon cakulan. Musanya har biyu, in za a faɗi gaskiya, kuma ba wanda ya ɗaga mata murya. Nata ya fito zagaye, gefe na ƙaras-ƙaras, tsakiya da laushi. Mai jego ta cinye rabonta a zaune ɗaya, aka kai wa Hajiya saura. Washegari yaro ya dawo da samirar da saƙo: wannan kayan zaƙin yara ne, a ce wa Malam ya yi na hannunsa, mata a Islamiyya na tambaya.

To ga inda gizo ke saƙar. Ban auna komai ba. Ban san yawan ruwan da na narka mazarƙwaila da shi ba, ban san girman dunƙulen kanwar ba, man shanun Inna kuma ya ƙare, sai an aika ƙauye a ce ta soya wani, kada ta manta albasa. Ƙanwata ta ce ba ruwanta. Kanwa da hawan jini ba sa ga maciji, kuma rabin 'yan Islamiyyar nan da maganinsa suke kwana, don haka in na kuskura na sake ɗora tukunya ba lambar NAFDAC, ita za ta fara kai rahoto. Ni kuma suruka ba a ce mata a'a. Na aika cewa ana kan tattara kayan haɗi. Jiya da yamma yaron ya sake dawowa, ya ce Hajiya na gaisuwa, ta ce ba gaggawa, amma in an tashi yi a ɗan ƙara kanwa.